Salomi Ta Yi Sammakon Legas

Tun ranar da 'yarta Sophia ta auri Habeeb suka koma Legas, Salomi ba ta samu sukuni da uwar mijin ba. Ba wai Alhaja Kafayat ta taɓa yi mata wani laifi ba ne. Laifinta ɗaya, Sophia na kiranta Mama, kuma da wata irin murya mai laushi da Salomi ke ganin tata ce ita kaɗai. Matar ga fara'a, ga kyauta, ga shagon atamfa a Fagge. Ai dole mutum ya ji haushi.

Da labari ya zo cewa Sophia ta sauka, an samu namiji, sai maganar wankan jego ta taso. A wajen su Salomi uwar yarinya ke zuwa. A wajen su Alhaja kuwa uwar miji ce. Salomi ta rantse a ranta babu hannun da zai riga nata taɓa jikan nan, na farinta.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ɗaure kanwa da dawa da yajin jego a buhu, ta yi sammako ta faɗa motar Legas a tashar Sabon Gari. Tana zaune jikin taga tana murmushin mugunta, tana hango Alhaja na can tana buɗe shago.

Sun wuce Zariya wayarta ta yi ƙara.

"Maman Sophia, ina kika shiga ne? Ga ni a ƙofar gidanki, an ce kin fita da kaya."

"Na ɗan fita ne, Alhaja. Lafiya?"

"Habeeb ya saya mana kujera biyu a jirgin azahar, ni da ke. Na ce ba sai na kira ba, bari in zo da kaina in ɗauke ki. Awa ɗaya da rabi fa, mun sauka."

Salomi ta dubi titi. A awa ɗaya da rabi ko Abuja motarsu ba za ta kai ba, Legas kuwa sai gobe in Allah ya kai rai.

"Ina mota," ta ce a hankali. "Mun kusa Kaduna."

Alhaja ba ta tambayi dalili ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

"To, Allah ya kiyaye hanya. Zan riƙe miki shi kafin ki iso."

Duk jirgin da ya gifta sama bayan nan, sai Salomi ta bi shi da harara kamar shi ya kar zomon gidansu. Kishi ya hana ta cin ko ayabar da ta saya.

Da la'asar sakaliya, kafin su kai Lokoja, hoto ya shigo. Ga jaririn an yi masa wanka an shafe shi da hoda, yana kwance a cinyar Alhaja, Sophia ta jingina kanta a kafaɗarta.

Matar da ke kusa da Salomi ta leƙo.

"Masha Allah. Kakarsa ce wannan? Ya ɗebo hancinta sak."

Salomi ta ƙara girman hoton, ta duba da kyau. Gaskiya matar ta faɗa.