Inda Ƙafafun Lucius Za Su Duba

A ƙaramar majami'armu ta katako, can bayan gonakin auduga na bakin kogin Yazoo, dangi ba sa haƙa wa nasu kabari. Maƙwabta ke yi. Tun da na bar makaranta aikin ya faɗo a kaina, ni da abokina Purvis. Shi ke da sauri, ni kuwa na iya gyara gefe.

Kowa a makabartarmu kansa na yamma, ƙafafunsa na gabas. Ranar da aka busa ƙaho, da mutum ya tashi zaune sai ya ga birnin nan na sama yana saukowa da ƙofofinsa na lu'ulu'u, ba sai ya waiwaya ba. Amma wanda ya zub da jini, a kaikaice ake kwantar da shi, kai arewa, ƙafa kudu. Haka muka tarar.

Lucius Gaddy ya zub da jini. Ina cikin zanen goyo ya soki wani saurayi, Wendell, da wuƙa a gidan rawa. Ya yi zamansa na kurkuku, ya dawo da furfura da tari, ya shige ɗakin bayan gidan yayarsa, Inna Verlie. Bai ƙara taka majami'a ba. Ran Lahadi dai za ka gan shi a kan kututture tsallaken hanya, hularsa a gwiwa, har a gama waƙa.

Wendell ɗin nan ɗan Baba Elmore ne, babban dattijon majami'a. Shi ke tsaron ƙofa da farar safar hannu, shi ne kuma ke kafa turakun kabari ya ja igiya kafin a sa diga. Da Lucius ya rasu, dattawa suka zauna, sai Baba Elmore ya je ya kafa turaku kai arewa, ƙafa kudu.

Da safe muna cikin haƙa sai ga Inna Verlie da kwando, burodin masara da soyayyar tarwaɗa a ciki. Ta ajiye, ta tsaya tana kallon igiyar.

"Odell, ɗana," ta ce da ni, "ba za ka ɗan murɗa shi ba? Ko kaɗan ne. Mahaifiyarmu na can tana duban gabas. In ta tashi ta ga ya ba ta kafaɗa, me zan ce mata?"

"Inna, ni shebur ne nawa. Igiya ta Baba Elmore ce."

Purvis ya ce, "Kwantar da hankalinki, Inna. Yadda Odell ke haƙa, za a busa ƙahon bai kai gwiwa ba. Lucius ma daga gado zai tashi."

Ta yi dariya, ta share ido da bakin ɗankwalinta. Gaskiyar Purvis ce, da gangan nake jan ƙafa, ban kuma san abin da nake jira ba.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga Baba Elmore yana dogara sanda, da baƙar kwat ɗinsa duk da zafin nan.

"'Yar'uwa Verlie, sannu da haƙuri."

"Yauwa, Ɗan'uwa Elmore. Ba kai ka koya mana muna yara cewa ƙofofin birnin ba a rufe su ba?"

"Ni ne. Na kuma koya muku cewa ƙazamin abu ba ya shiga, sai wanda ya wanke rigarsa."

"To?"

"Kin ga ya wanke?"

"Kai ka ga bai wanke ba?"

Ya juyo wajena ya ce, "Gwada tsawon, Odell. Lucius dogo ne."

Mu ba mu da abin awo. Mai haƙa ne ke kwanciya a cikin ramin, in ya miƙe ƙafa babu takura, to ya yi. Na shiga na kwanta, kaina arewa, sanyin ƙasa na ratsa rigata.

Purvis ya leƙo ya ce, "Ya dace da kai, malam. In rufe?"

Na tashi zaune, ramin bai wuce ƙuguna ba. Sai na kasa motsi. Baba Elmore ya lura.

"Me ka gani?"

"Ba kome, Baba."

"Yaro, a cikin kabari kake. Nan ba wurin ƙarya ba ne."

Na ce, "Dutsen kabarin Wendell ne a gabana sak. Da gurbin da ka ajiye wa kanka a gefensa."

Ya tako a hankali ya tsaya a bayana, ya sunkuya har haɓarsa ta kusa taɓa kafaɗata, ya bi inda idona ya bi. Ya daɗe a haka. Ina jin numfashinsa.

"Wato ran nan," ya ce, kamar da kansa yake magana, "duk jama'a na duban birni, shi kaɗai ni zai duba. Ya buɗe ido, ni ne farkon abin da zai gani."

Ya ci gaba da cewa,

"Ni wa? Tsohon da ke buɗe ƙofar katako yana hana yara cin gyaɗa a lokacin wa'azi?" Ya miƙe da ƙyar, ya dafa ƙugunsa. "A'a. Wancan birni na da Mai shi. Ba a ɗauke ni aiki a ƙofarsa ba."

Ya jingine sandar, ya durƙusa ya tumɓuke turken farko da hannunsa. Na yi wuf zan taimaka, ya ɗaga mini yatsa. Ya zare su duka. Sannan ya ba rana baya, ya bi inuwarsa da ido, ya kafa ɗaya a yamma, ya ja igiya zuwa gabas, ya ɗaure tamau.

Inna Verlie ta riƙe bakinta. "Ɗan'uwa Elmore, ka yafe masa ke nan?"

"Ban ce ba, Verlie. Kada ki je ki ce na ce. Har gobe in na tuna, tuwon masara ba ya wuce mini wuya. Amma ya tashi ya dubi inda kowa ke duba. In an kira shi ya shiga, in ba a kira shi ba, ba daga bakina ba."

"Sauran dattawan fa?"

"Wanda ya rasa ɗa a cikinsu ya zo ya same ni."

Purvis ya dubi ramin da muka sha gumi a kai, ya tura hula ƙeya. "Baba, wannan fa? Aikin safiya guda!"

"Ku mayar da ƙasar, ku daddale."

Ya tuɓe kwat ya rataya a shinge, ya naɗe hannun riga, ya karɓi digar daga hannuna. Ya ɗaga ta sama, ya sauke ta a bakin sabuwar igiyar. Saran bai shiga sosai ba, ƙasar wurin tauri gare ta. Ya ƙara ɗaya, ya ƙara wani, sannan ya miƙo mini yana haki.

"Gyara gefen da kyau, Odell, kamar na kowa."

Inna Verlie ta zauna a kan ciyawa, ta buɗe kwandon, ta fara gutsura burodin kashi huɗu.