Gashin da Aka Gani a Bakin Moss

Wayar tarho ta tsinke, wutar lantarki ta ɗauke, hanyar garin Fairlie kuma kwana goma ke nan a toshe tun da guguwar dusar ƙanƙara ta sauka, amma duk da haka maganar ta zagaye kwarin kaf cikin yini guda. Wai Moss, karen Lachie Galbraith, ya fara cin tumaki.

Elspeth Galbraith ta ji ta ne a zauren taro, inda mata ke dafa wa masu neman tumakin da suka ɓace a ƙanƙara miyar kabewa a kan murhun itace. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da kimiyya a makarantar gari, kuma har yau da take da saba'in da huɗu ba abin da ke tsaya mata a wuya kamar a ce mata kowa ya sani.

"Wa ya gani?" ta tambayi Noeline, wadda ta kawo labarin tare da albasa.

"Kowa ya sani, Malama."

"Kowa ba shi da ido. Wa ya gani?"

"'Yan birnin nan biyu da suka zo taimako. Shekaranjiya suka gan shi a bakin kwazazzabon Duncan Pollard, bakinsa cike da gashi, ga tumaki uku a gefe duk bayansu a tsige."

"Da jini?"

"Kai Malama, ke dai sai kin bi diddigi. Ni ce musu zan yi su zana min?"

Elspeth ta ajiye ludayi ta ɗauki sandarta. A kwarin nan hukuncin karen da ya taɓa tunkiya ɗaya ne, domin an yi ittifaƙi tun kaka da kakanni cewa ba ya dainawa, kuma mai shi ne ke ɗaukar bindiga da kansa kafin maƙwabci ya ɗauke masa nauyin. Duncan, mai tumakin, ya ba Lachie wa'adi zuwa gobe da safe. Lachie kuwa ƙanin marigayi mijinta ne, tsoho gwauro, wanda shekara tara ke nan ba wanda ke jiran dawowarsa gida sai Moss.

Ta bi siririyar hanyar da aka tattake har gidansa. Rufin rumbun ciyawa ya rufta, kwanon ya lanƙwashe kamar an zauna a kansa, ba a ko taɓa shi ba. Ta same shi a ɗakin girki, ya kwance bindiga a kan tebur yana shafa mata mai.

"Matar Yaya," ya ce bai ɗago ba, "kin zo ki ga ko na mutu ne?"

"Da ka mutu ai da na ji. Ba a ɓoye labari mai daɗi a kwarin nan. Ka gan shi yana ci da idonka?"

"Na ga gashi a haƙoransa. Ni na zare masa. Kwana uku yana sulalewa da asuba, ya dawo da yamma jiƙe sharkaf, ya faɗi kamar wanda ya yi dambe. Da na ji magana sai na ɗaure shi." Ya hura ƙura daga bakin bindigar. "Babanmu ya harbe nasa. Yaya ya harbe nasa. Ni wane ne?"

"Yayanka ya yi mako guda bai ci abinci ba bayan nan. Ni na sani, don ni na yi ta dafawa ina zubarwa."

Ta fita wurin karen. Moss na tsaye a ƙarshen sarƙa, abincinsa ya daskare a kwano, fuskarsa na kallon tudu. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta ɗaga ƙafarsa ta gaba. Tafin ya saɓule, faratan sun cinye har kusan tushe.

"Lachie! Zo ka faɗa min, da ƙafa ake cin tunkiya yanzu?"

"Ƙanƙara ce. Kowane kare ƙafarsa ta yi haka."

"Ta baya fa? Ƙalau take. Ko a hannu yake tafiya, kamar kai ranar bikinmu? Tayar da taraktar nan. Ina so in gaida waɗanda aka ce an cinye."

Suka tarar da Duncan a bayan rumfar da ake aske tumaki, yana jan gawarwaki zuwa wani babban rami. Tumaki sama da ɗari huɗu ya rasa, idanunsa sun yi ja, gemu ya tsiro masa ba tsari. Da ya ga Moss ɗaure a bayan tarakta sai ya kawar da kai.

"Ba son raina ba ne, Kawu," ya ce wa Lachie. "Amma saura wata ɗaya su fara haihuwa. Abin da ƙanƙara ta rage min ba zan bar wa kare ba."

"Na sani, ɗana."

"Ina tumakin?" in ji Elspeth.

"Malama, sanyi ake yi, da kin zauna a..."

"Duncan Pollard, na tambaye ka hasashen yanayi?"

Ya wuce gaba ba musu, kamar yadda ya saba wucewa gaban allo. Biyu suna tsaye a keji suna tauna ciyawa a hankali, ta ukun ta mutu da safen nan. Elspeth ta saka tabarau, ta shafa wuyan kowace, ta duba cinyoyin baya, inda kare kan kama. Ba ko ƙwarzane. Gashin baya da na kuiɓi ne kawai ya tafi, tsilli-tsilli, har fata ta fito fes.

"Kare mai ladabi ne wannan," ta ce. "Da almakashi ya zo. Ba ni wuƙarka."

"Me za ki yi?"

"Abin da muka yi wa zomo a aji uku. In za ka sake sumewa, ka faɗi ta wancan gefen, can ne ciyawa take."

Lachie ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ta farke cikin matacciyar, ta buɗe tumbi, ta zura hannu. Abin da ta fito da shi wani dunƙule ne kamar ƙwallo, baƙi-baƙi, a cure. Ta fasa shi da yatsa a gabansu. Gashi ne tsantsa. Ta sake zura hannu ta fito da na biyu.

"Wannan ma Moss ne ya ɗura mata?"

Duncan ya sosa ƙeya. "Tunkiya ba ta cin gashi, Malama."

"Tunkiyar da ke da ciyawa ba ta ci. Kakata ta taɓa ba ni labarin babbar ƙanƙarar zamaninsu, ta ce tumakin da aka binne sun tsige juna tas don yunwa. Ban yarda ba, domin ita ce kuma ke cewa tsakar wata ce ke kawo ciwon haƙori. Yau dai ta ci ni sau ɗaya. A ina aka tsince su?"

"A fili, bakin kwazazzabo."

"A fili akwai ƙaya, akwai kan ciyayi inda iska ta share. Me zai sa su ci juna? Nawa suka ɓace maka ta wancan gefen?"

"Goma sha biyar, har da ukun nan. Har da ragona."

Ta dube shi ta saman tabarau, irin duban da takan yi wa ɗalibin da amsa ke bakinsa yana jin kunyar faɗa. Duncan ya ɗauki shebur biyu.

Tarakta ta kai su inda za ta iya, daga nan sai ƙafa. Dusar ƙanƙarar ta kai cinya. Duncan na gaba yana tattakawa, Lachie na bi yana faɗaɗawa da Moss a hannu, Elspeth a baya cikin hanyar da suka buɗe, daidai inda akan sa tumaki su bi.

"Matar Yaya, kin dace da wurin nan," in ji Lachie yana haki. "Tsohuwar tunkiya a baya."

"Ai shi ya sa aka sa tsohon jaki a gaba. Saki karen."

Lachie ya tsaya. A ƙasa kaɗan akwai garken da aka sauko da shi jiya, kusan tunkiya sittin, sun taru a kan damin ciyawar da jirgin sama ya jefo musu. Hannunsa na kan sarƙa.

"In ya nufe su fa?"

"To ka ga da idonka, gobe ka yi abin da za ka yi da zuciya ɗaya. Sake shi."

Duncan ya gyaɗa kai. Lachie ya ɓalle sarƙar.

Moss ya zabura. Kai tsaye ya nufi garken, har Lachie ya rufe ido. Ya ratsa ta tsakiyarsu, tumaki suka dare gida biyu, bai ko waiwayi ɗaya ba, ya haye gangaren ya ɓace a bayan wani tudun ƙanƙara da iska ta tara a jikin shinge. Kafin su iso sun fara ganin fari na tashi sama. Ya shige har kafaɗa cikin wani tsohon rami da sabuwar dusa ta kusa cikewa, yana tono da ƙafafun nan nasa masu ciwo, yana ƙugi.

Taku biyu daga ramin akwai wata 'yar huda kamar bakin kofi, gefenta ya yi ruwan ɗorawa. Elspeth ta cire safar hannu ta ɗora tafinta a kai.

"Duncan, zo ka ji. Ƙanƙararka na numfashi."

Sun fi rabin awa suna haƙa. Sai shebur ya faɗa cikin fanko, wani wari mai ɗumi ya buso. Numfashin tumakin ya narkar musu da ɗan kogo, bangonsa ya daskare kamar gilashi, suna tsaye a ciki a matse. Ragon ne ya fara leƙowa. Da ma shi ne abin alfaharin Duncan, sau biyu yana ciyo kyauta a baje kolin gari, yanzu kuwa bayansa ya koma tamkar kan Lachie mai sanƙo. Goma sha ɗaya ne da rai. Ɗaya tana kwance a can ciki, jikinta bai gama sanyi ba. Duncan ya daɗe da hannunsa a kanta.

Ba wadda ta iya fitowa da ƙafarta. Ya kwanta rub da ciki, ya damƙi ta farko a gashin wuya ya ja. Ta fito, amma gashin ya yi rauni, ya tsige ya bar masa damƙi guda a hannu.

"Duncan," in ji Elspeth, "mene ne wannan a hannunka?"

Ya duba.

"Lachie, je ka ɗauko bindigar. Mun kama shi dumu-dumu, ga shaidu biyu."

Duncan ya yi wata dariya wadda ba ta yi nisa da kuka ba. Ya goge hanci da hannun riga, ya laluba aljihu ya ciro burodi da naman da matarsa ta ƙunsa masa, ya miƙa wa Moss duka. Lachie kuwa ya matso kusa da Moss. Ya cire mayafin wuyansa ya yaga biyu, ya durƙusa yana naɗe wa karen ƙafafu, ya juya musu baya sosai.

"Sanyi ne ke sa min hawaye," ya ce, ba wanda ya tambaye shi.

"Ƙwarai," in ji Elspeth. "Kowa ya sani."

Da la'asar ta koma zauren taro, wandonta a jiƙe har gwiwa, hannun rigarta da jini. Miyar ta kusa ƙarewa. Noeline ta zuba mata a kofi, sauran matan suka daina wanke-wanke.

"To, Malama?"

Elspeth ta kurɓa, ta ajiye kofin.

"Moss bai ci tunkiya ko ɗaya ba. Tumakin ne suka ci gashin juna a ƙarƙashin ƙanƙara. Ya tono uku ya jawo su waje da haƙoransa, sannan aka ɗaure shi kwana biyu."