Taswirar Malam Muhuyi

"Kar ki taɓa koren nan," in ji Malam Muhuyi. "Babban da ya ce ki sauke. Talla ce, wurin 'yan caca zai kai ki."

Yana kwance a kan katifa a zaurensa, idanunsa a rufe, ni kuma ina tsugune na riƙe masa waya kusa da baki. Mai maganar wata malama ce daga Doguwa, Malama Nusaiba. Da wayar mijinta ta kira, tana duba tata.

"To Malam, ban ga komai ba sai hoton wasu yara suna ta wucewa."

"Bar su su wuce. Ja ƙasa. Ƙara ja. Za ki ga wani rubutu toka-toka, ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Na uku daga hagu."

Can sai muka ji ta ce, "La ilaha illallahu! Ga shi! Mako biyu ina nemansa!"

Malam ya yi murmushi bai buɗe ido ba. Ko ya buɗe ma ba abin da zai gani, don wata huɗu ke nan ciwon suga ya tafi da ganinsa.

Ni Jibrin, injin ban ruwa nake gyarawa a Ƙafin Maiyaki, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Shekara talatin da ɗaya Malam ya yi yana koyar da Hausa a sakandare. Shafin da yake fama da shi kuwa wasu bayin Allah ne suka buɗe a intanet domin malaman harsuna. Malam ya ce kayan da ke ciki masu kyau ne: darussa mako-mako, tatsuniyoyi da murya, tambayoyin gwaji. Amma isa gare su ne aiki. Ka danna Hausa, ya kai ka Faransanci. Ka yi rajista, ya ce bai san ka ba. Haruffa masu lanƙwasa duk sun koma ƙananan akwatuna, har kalmar ƙasa ma sai ka yi hasashe.

"Wanda ya gina wannan," ya taɓa ce mini, "ya cika rumbu da hatsi, sai ya manta bai yi ƙofa ba."

Lokacin da yake da sauran gani, ya kwashe hutu guda yana bin shafin lungu-lungu da tabarau biyu a hanci. Ya zana hanyar a bayan tsohuwar kalanda: nan ka danna, nan ka kauce, nan ka jira ka ƙirga goma. Ya sa lambarsa a ƙasa. Malamai suka riƙa ɗaukar hotonta suna tura wa juna, suna ce mata taswira.

Ana saura mako guda a koma makaranta, cikin damina, kira ya fara shigowa ba ƙaƙƙautawa. Masu shafin sun yi masa kwaskwarima. Komai ya bar inda yake, taswira ta tashi aiki.

Na zaci zai yi fushi. Dariya ya yi har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Jibrin, kana da aiki yau?"

"Akwai inji biyu, Malam."

"Injin zai jira. Zo ka ara mini idonka."

Matarsa, Inna Kande, ta leƙo daga cikin gida da kwanon kunu. "Malam, likita cewa ya yi ka huta. Ƙafarka fa ta kumbura har gwiwa. Su masu abin ba za su gyara kayansu ba?"

"Na rubuta musu sau uku, Kande. Wurin aika saƙon ma ba ya aiki." Ya lalubi kwanon ya karɓa. "Malamin ƙauye sai ya hau tudu yake samun sabis. In ya ɓace a cikin shafin nan, ranar Litinin haka zai tsaya gaban yara sittin ba komai a hannunsa. Na san tsayuwar nan."

Ta gyara masa matashi ta koma.

Kwana tara muka yi, daga hantsi zuwa azahar. Ina karanta masa duk abin da ke fuskar wayar, sama zuwa ƙasa, yana saurare. Ni da nake gani sai in rikice, shi kuwa ya ce, "A'a, koma baya biyu. Ɗazu ka karanta mini wata kalma a gefen dama, ita ce ƙofar." In koma, in tarar haka ne. Sau ɗaya yake jin abu ya ajiye shi a inda yake. Na gyara injuna da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin ana kwance abu ana ɗaurawa a cikin kai kamar haka ba. Wani lokaci sai in bar wayar in tsaya kallonsa kawai.

Darussan zangon goma sha biyu ne. Kullum muryarsa na ƙara yin ƙasa, har sai na kai kunne bakinsa kafin in rubuta. Duk wanda muka gano hanyarsa, ya sa ni in tura wa malamai nan take. "Kar ka tara," in ji shi. "Ba mu san gobe ba."

Ranar Laraba muka gano na goma. Ya ce, "Saura biyu." Sannan ya ce, "Rubutunka ya gyaru, Jibrin. Ka daina manta lanƙwasar ɗ."

Washegari da hantsi na zo da biro da takarda, na tarar da ƙaninsa zaune a gefensa yana yi masa kalmar shahada. Leɓunan Malam suna bi a hankali. Kafin rana ta take ya cika.

Bayan la'asar aka yi jana'iza, mutanen gari ne kawai. Amma ranar sadakar uku, tun safe babura suka fara tsayawa a ƙofar gida, kowanne da taɓo har sirdi. Daga Bebeji, daga Ƙofa, daga Tudun Wada, da wasu ƙauyukan bayan Bagauda da ban taɓa jin sunansu ba. Na ƙirga malamai arba'in da bakwai, na daina. Yawancinsu ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Wani dattijo ya ce mini, "Muryarsa kawai na sani. Dogo ne?"

Na ce, "A'a, ɗan gajere ne."

Ya jinjina kai, kamar bai yarda ba.

Wani mutum ya nemi wanda ake kira Jibrin. Ya ce shi ne mijin Malama Nusaiba, tana ciki wurin mata. Ya miƙo mini takarda a cikin leda. Sabuwar taswirar da muka riƙa turawa ce, an kwafe ta da hannu, kuma a ƙasa, da jan biro, ga hanyar darasi na sha ɗaya da na sha biyu.

"Shekaranjiya ta gano su," in ji shi. "Ta ce yadda yake bi ta bi. Ta kira don ta gaya masa, aka ce ya rasu."

Na shiga zauren na zauna a inda katifarsa take a da, na daɗe.

Bayan mako guda Inna Kande ta aiko wa matata da rigunansa a wanke kafin a rabar. Ina gyaran inji a tsakar gida matata ta kira ni in zo in gani. Ta tsoma wata tsohuwar shuɗiyar riga a baho, sai ruwan ya fara yin fari daga wajen aljihu. Ta sa hannu ta zaro guntayen alli guda uku, sun jiƙe, ta jera su a kan katanga su sha rana.