Robar da Ɗantsoho Ya Binne

Ranar da aka yi wa Haulatu aikin cire nono a wani asibiti a Katsina, ma'aikaciyar jinya ta miƙa wa mijinta Ɗantsoho wata roba mai murfi, ta yi masa dogon bayani. Bawan Allah kai kawai yake gyaɗawa. Hankalinsa yana kan matarsa da aka turo ko motsi ba ta yi. Abin da ya shiga kunnensa kawai shi ne naman da aka cire ne a ciki.

Ɗantsoho dillalin awaki ne a kasuwar Daura, kuma mutum ne mai yin komai yadda ya gada. Tun yana yaro ya san abin da aka yanke daga jikin ɗan Adam binne shi ake yi. Washegari ya koma gida, ya haƙa rami a gindin dalbejiyar bayan ɗakinta, ya saka, ya yi addu'a. Har ransa ya ji ya sauke nauyi.

Bayan mako uku suka koma asibiti, likita ta nemi sakamakon ɗakin gwaji. Sai a nan Ɗantsoho ya gane can aka aike shi da robar. Likitar ta ce ciwon daji yana da wani sinadari da yake ƙona sukarin jiki da shi ya sami ƙarfin yaɗuwa. Yawansa a cikin naman yana cikin abubuwan da za su nuna mata ko ciwon mai gaggawa ne. In babu naman, sai dai ta ɗora Haulatu kan magani mafi zafi, ga shi jikinta ba ƙwari.

Tsoro ya kama shi. Ya faɗi abin da ya yi. Da ya ga asiri ya riga ya tonu, sai ya ƙara da laifin da ya fi damunsa, cewa binnewar ma bai yi ta daidai ba.

"Likita, ko buɗewa ban yi ba, balle in sa a ƙyalle. Na kasa kallo. Da robar da ruwan maganin da ke cikinta duk na tura ramin."

Likitar ta ajiye biro ta yi murmushi. Ashe ruwan nan shi ke hana naman ruɓewa. Ta ce ya je ya tono robar ya kai ɗakin gwaji.

Washegari da hantsi a gida ya ɗauki fartanya, Haulatu tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana nuna masa inda zai haƙa, ita da ba ta ga binnewar ba. Robar ta fito garau, murfinta a ɗaure.

Sakamako ya zo bayan kwana goma sha biyu. Sinadarin kaɗan ne, sauran gwaje-gwajen ma sun yi kyau, magani mai sauƙi zai wadatar da yardar Allah. Ɗantsoho ya yi hamdala har ma'aikata suna leƙowa. Amma a motar komawa Haulatu sai ta yi ta jan mayafi kan ƙirjinta, har suka wuce Mashi.

"Malam, da gaske ka kasa kallo?"

Ya gane abin da take tambaya, tausayinta ya cika shi.

"Abin da aka raba ki da shi na kasa kallo. Jikin da Allah ya bar mini, yau ni zan wanke masa ciwon."

Ta harare shi, ta saki mayafin.