Wata Biyun Kafinta

Ranar da ma'aikacin banki ya ce an ɗaga masa ƙafa wata biyu kafin a ƙwace gidan da ya jinginar, saura kaɗan Kafinta ya durƙusa a ofis don godiya. Gidan nan shi ke nan abin da ya mallaka, kuma a ɗakin baya mahaifiyarsa ke kwance. Ma'aikacin, wani mai daɗin baki, har shawara ya ba shi: ya nemi sabon rance a wani bankin ya biya wannan, amma fa ya gyara gidan tukuna, don babu bankin da zai karɓi kango jingina.

Kafinta ya karɓi maganar hannu bibbiyu. Ya sayar da injin yankan katakonsa, ya sauya kwanon da ke yoyo, ya cire ƙofofin da gara ta ci ya haɗa sababbi. Matarsa ta ce kirkin nan ya yi yawa, ruwa ba ya tsami banza. Ya ce ita dai ba ta san alheri ba ko ta gan shi. Tsohuwa ma da katifarta aka fitar baranda kwana uku don fenti ya bushe, tana tari tana sa albarka.

Duk mako ma'aikacin sai ya biyo, wai gaisuwa. Ya shafa bango, ya ce banɗakin ma da an sa masa tayil. Aka sa.

Sabon bankin abu ɗaya ya nema, takardar ragowar bashi daga na farko. Takardar nan kuwa, yau manaja ba ya nan, gobe na'ura ta lalace, har wata biyu suka cika cif. A gwanjo, ƙanin matar ma'aikacin ne ya saye gidan. Sai a lokacin Kafinta ya gane wa ya yi wa aiki, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Ma'aikacin da ƙanin matar tasa tare suka zo karɓar makulli, ana ɗaure kaya, ba a ma samo inda za a kwantar da tsohuwa ba. Kafinta ya danne zuciya ya roƙi kwana ɗaya.

"Ba komai, malam," in ji ma'aikacin. "Sai dai ƙofar kicin tana cijewa. Ka gyara ta, Mama ta kwana."

Matar Kafinta ta kau da kai. Kafinta ya tsuguna ya kwance jakar kayan aikinsa.