Kuskure a Takardar Oda

Kwana takwas da tura odar sabon bawul, wato makullin bututun gas, Injiniya ya tsaya shan ruwa kusa da tanderun narka gilashi. Tsohon da ke kula da tanderun, wanda kowa ke kira Sarkin Wuta, ya ce masa, "Allah ya sa bawul ɗin naka mai juriya ne. Ranar da muke ƙone dattin bututu, zafin nan har digiri ɗari takwas da saba'in yake kaiwa."

Injiniya ya tuna da takardar odar. Ɗari shida da hamsin ya rubuta, zafin aikin yau da kullum, kuma bai tambayi kowa ba.

Ya koma ofis ya buɗe fayil, ya rufe, ya sake buɗewa. Bawul ɗin ne zai datse iskar gas in an sami matsala. In zafi ya fi ƙarfinsa, zai lanƙwashe ya ƙi rufuwa, ga mutum huɗu suna aiki a ƙarƙashin bututun.

Ya zauna, ya miƙe. Sau biyu yana zuwa ƙofar Manaja yana juyowa. Wata zuciyar ta ce ai sau biyu kacal ake ƙonawar a shekara.

Sai ga wayar matarsa, kan maganar ɗauko yara daga makaranta.

"Baban Auta, lafiya? Muryarka wani iri."

Ya gaya mata.

"To tsayuwar me kake yi? Je ka faɗa wa Manajan. In ya cinye ka, zan zo in karɓi takalmanka."

Da jin bayanin, Manaja ya buga teburi. "Wata uku muna lallaɓa tsohon bawul mai yoyo, yanzu ka zo min da wannan?" Ya yi huci, sannan ya turo masa waya. "Kira kamfanin da ke ƙera shi."

Wakilin kamfanin ya ce sai an sake ƙera bawul ɗin da wani ƙarfen, a kuma ƙara masa tsawon wuya don kada zafi ya kai ga injinsa. Ya jero tambayoyi: ƙarfin iskar nawa, akwai ƙura, cikin daƙiƙa nawa zai rufe? Injiniya ya sa aka kawo littafin tanderu, yana dubawa yana amsawa.

Mako bakwai aka ƙara jira. Duk tsawon lokacin nan, da ka kawai Manaja ke amsa gaisuwarsa. Ranar gwaji, bawul ya rufe ruf cikin daƙiƙa huɗu. Manaja ya duba agogo, ya ce a kunna wuta.