Sunan Ɗan Farin Inna

A shekarun da kwanon gero ya fi ƙarfin albashin malamin firamare, Malama Zulaihat, mai koyarwa a Safana, ta samu aikin yamma. Wata ƙungiyar agaji ce ke bin mutanen da 'yan bindiga suka tarwatsa, tana ɗaukar hotunansu da muryoyinsu da bidiyo. Abin ya taru har ba idon da zai iya bin sa ɗaya bayan ɗaya, sai aka ɗauki irin su Zulaihat su riƙa sa wa kowanne alama: wane ne a ciki, daga wane gari, wa ya ɓace masa. Ita kwamfuta ba ruwanta da kukan kowa, abin da aka rubuta mata a gurbi shi kaɗai ta sani. In uwa ta ambaci suna a Batsari, aka kuma ɗauki mai sunan a wani gari, alamar nan ce ke haɗa su.

Wata rana da yamma muryar wata tsohuwa ta faɗo mata. Daga wani ɗan ƙauye take, can bayan Darini, yanzu tana fakewa a wani ajin makaranta a Batsari. Tsohuwar ta faɗi awakinta da aka kora, har da mai karyayyen ƙaho. Ta faɗi rumbun da aka ƙone. Sai can ƙarshe, kamar wadda ta tuna ta bar tsintsiya a waje, ta ce, “Shi ma wancan sun tahi da shi daji, bai dawo ba.”

Mai ɗaukar muryar ya tambaye ta sunansa. Ta koma zancen awaki.

Zulaihat ta cire abin sauraro daga kunne, ranta ya sosu. Ba sai an gaya mata ba, ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta nuna ta damu da shi, ko da kuwa cikinta na ci da wuta. Ita kanta Zulaihat, da duk bokonta, har yau “Malam” take ce wa mijinta. To amma gurbin suna ya zauna fayau, kuma mutumin da ba shi da suna a cikin wannan na'ura, ko an tsince shi gobe, ba abin da zai kai labarinsa ga uwarsa.

Ranar kasuwar Batsari, lokacin da hanya ta fi mutane, ta hau bayan Lado ɗan acaba. Tun a hanya ya gindaya mata sharaɗi: da la'asar zai juya, da ita ko ba ita, don shi ma yana da 'ya'ya.

Ta tarar da tsohuwar, wadda ake kira Inna, zaune a gindin allo, tana tsince tsakuwa daga cikin dawa a faifai. Kusa da ita wata matashiya ce da goyo, Kamila, matar wanda aka tafi da shi. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka jajanta, aka yi addu'a, sannan Zulaihat ta faɗi abin da ya kawo ta.

“Ɗanjuma muke ce mashi,” in ji Inna. “Ran Juma'a ya zo.”

Zulaihat ta rubuta Ɗanjuma a waya, ta nema cikin waɗanda aka sa wa alama. Suka fito jere, rabin ƙasar Katsina kamar ran Juma'a aka haife su. Kamila ta bi fuskokin da ido, babu nata. Zulaihat ba ta yi mamaki ba. Mutumin karkara in ya ga mai tambaya riƙe da waya, laƙabi yake ajiyewa ya ba da sunan yanka.

“Inna, sunan yanka nake so.”

Inna ta ci gaba da tsintar dawarta. “Ɗiyata, ɗan fari ne hwa. Kuma sunan surukina ya ci, uban maigidana.”

Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Zulaihat ta juya ga Kamila, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. “Baban Nana,” ta ce a hankali. Nana ce a bayanta, ko haƙori ba ta gama fitarwa ba, balle a tambaye ta.

Sauran mazauna ajin daga wasu ƙauyuka suke, ba su san shi ba. Inna ta yi iya taimakonta, ta ce ai takwaran mai gyaran keke ne na bakin masallacin garinsu. Garin da yanzu ko kaza babu. Zulaihat ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Haushi ma ya ɗan taso mata, ga mutum can ba a san ko yana numfashi ba, ga mata biyu da suka fi kowa son sa sun kulle baki. Sai ta tuna da nata “Malam”, haushin ya kwanta.

Ta kama hanyar da kowa ke bi: ita ta faɗa, su su ɗaga kai. Musa? Isa? Haruna? Ta ƙare annabawan da ta sani, ta shiga sahabbai, ta gangaro kan 'yan ajinta da 'yan uwan mijinta. Kan Inna bai motsa ba. A waje Lado ya fara danna oda, inuwar katanga kuma ta miƙe har ta taɓa ƙofar ajin.

Zulaihat ta mayar da wayar jaka. “Inna, ni ban zo in sa ki abin da ba ki so ba. Amma in na tafi haka, gurbinsa babu komai. Ko an kai shi asibiti, ba za mu sani ba.”

Inna ta ajiye faifan. Ta kakkaɓe hannuwanta. Sannan ta ce, “Kamila, ɗebo ma baƙuwa ruwa. Na rijiyar can baya, ya fi sanyi.”

Sai da takun Kamila ya ɓace, Inna ta matso har numfashinta na taɓa kunnen Zulaihat. Sunan ya fito a karye, don tun ranar da liman ya raɗa shi bai taɓa bi ta bakinta ba.

“Yusha'u.”

Zulaihat ta ciro wayar ta rubuta shi. Sabis ya yi ta juyawa, kamar da gayya. Mutum uku suka fito. Na farko dattijo ne, na biyu ɗan Zamfara. Na uku bidiyo ne da wani abokin aikinta ya sa wa alama a makon da ya wuce, daga wani asibiti a Katsina, cikin waɗanda suka kuɓuto daga daji. Ba a rubuta garinsa ba, zazzaɓi bai bar shi ya faɗi komai ba sai sunansa. Wani mutum ne kwance, gemu ya cika masa fuska, ƙafarsa naɗe da bandeji.

Inna ta kalla sau ɗaya, ta kau da kai ga bango. Daidai nan Kamila ta shigo da kofin ruwa.

“Zo ki gani,” in ji Inna, murya a dake. “Naki ne. Ya rame.”

Kamila ta durƙusa, ruwan ya zube a siminti, ta yi ta kuka tana hamdala. Inna ta ce ta tashi ta haɗa kayanta da na Nana, gobe da safe ta bi motar Katsina.

“Ke fa, Inna?” Zulaihat ta tambaya.

“Ni mi zan je yi? Wa zai tsince dawar ga?”

Kamila ta ruga ƙarshen ajin inda ƙullin kayansu yake. Zulaihat ta miƙe, don Lado ya riga ya tayar da mashin, sai ta ji an riƙe mata bakin hijabi. Inna ce, fuskarta har yanzu na kallon bango, hawaye na bin kuncinta.

“Ɗiyata,” ta ce can ƙasa, “maido mani wurin da ya faɗi sunan. Ina son in ji shi a bakinshi.”